Rabin Kai a Ofishin Madam

Tun da na dawo ban kitsa kai guda cikin natsuwa ba. Mace ta zauna gabana, ina raba layin farko sai ta waigo: "Inna Hajo, wai yaya Amurka?" In ce ta bar kanta wuri guda, ta bari, can ta sake waigowa. Har wata ta hau kabu-kabu tun daga Madekali, kitsonta sabo ful, wai in gyara mata gefe. Ni na san gefen da ta zo gyarawa. To ga shi zan faɗa sau guda daga farko, wadda ta ji ta kai ma wadda ba ta ji ba, ku bar ni in yi sana'ata.

Ɗiyata ta fari ce ta sa ni tafiyar. Ba ni kama sunanta, Lami muke ce mata. Tana can da mijinta Isufu, ɗan Gaya, direban babbar mota. Ta haifi namiji, kuma babu mai yi mata wankan jego. Babbar ɗiyarsu sunana anka sa mata, ina ce mata Takwara. Ta kusa shekara goma, amma a salula kaɗai na san ta, ta ɗago min hannu ta gudu. Na ɗaura kayana: man kaɗe, mashaci, tsinken kitso, kuka, daddawa, da busasshen kifin da ƙanena ya kawo min daga Garu. Ya so ya haɗa min da buhun albasa, wai kada su manta da garinmu Malanbil. Na ce mishi jirgin sama ba motar kasuwa ba ce.

Da asuba munka shiga kar, babbar motar fasinja mai zuwa Kwatano. Kafin Kandi jandarma sun tsai da mu har na daina mai da katin shaida cikin jaka, na soke shi a ɗankwali. A Kandi wata budurwa ta shigo ta zauna kusa da ni, Ramatu sunanta. Ta rungume wata leda a cinya, ba ta yarda ko gwiwata ta taɓa ta. Na ce ko kaza ce, amma kaza ba ta yin shiru haka. Munka wuce Paraku, munka ci doya da yaji, ledar tana nan a rungume. Sai da munka kusa isa ta buɗe ta, ta zaro perik, gashi baƙi mai santsi har baya.

Aiki za ta nema a wani otel. Ƙawarta ta gaya mata da kitso ko ƙofa ba za a bari ta wuce ba. Na dubi kanta, shuku ne anka yi mata, layi kamar an ja da zare. Ni na san aiki in na gan shi. Ta kifa abin nan a kai ba madubi, gaba ya koma baya, dole na sa hannu na juya mata shi.

Na ce, "Gashin wa ne?"

Ta ce, "An ce na matan Indiya ne, Inna."

"Mai shi tana da rai?"

Ba ta sani ba. Mu da in an tsefe kai muke tattara ɗan gashin da ya zuba mu binne, kada tsuntsu ya yi sheƙa da shi, ga kan wata baiwar Allah sukutum ya hau kar zai tafi Kwatano neman aiki. Na yi dariya har mai karɓar tikiti ya leƙo. Ramatu ba ta yi dariya ba, ta ce in yi mata addu'a kawai, na yi mata.

A Zongon Kwatano na sauka, gidan wata 'yar ƙanen ubana. Ɗakin babu iska, sauro kuma kamar an yi musu albishir da zuwana. Anka kawo min miya da wani nama mai tauri, na tauna na tauna, na tambaya, anka ce dodon koɗi ne. Na ce Alhamdu lillahi na ƙoshi.

A filin jirgi wani saurayi ya turo keken guragu ya tsaya gabana yana kiran sunana. Na ce ba ni ba ce, ƙafata lafiya lau, da ita nike zuwa kasuwa in dawo. Ashe Lami ce ta shirya haka don kada in ɓace. Na hau ina jin kunya, na rufe fuska da mayafi. Amma da na ga tsawon wurin, da yadda ake wuce layi da ni kamar matar gwamna, sai na fara ɗan nishi don kada a gane. Na jirgin kuwa ba zan ja ba. Abinci cikin 'yan kwanoni kamar na wasan yara, bayi kuma in ka danna abin ruwa sai ya yi ƙara kamar zai tafi da kai. Sau guda na shiga, na ɗaure cikina har munka sauka.

Iyakarsu ba irin tamu ba ce, da duwan, wato kwastan, zai dubi kayanka ya dubi fuskarka, ku gaisa, ku fahimci juna. Kare ne ke aikin. Ya zo kai tsaye ya zauna gaban jakata yana kallona. Mai tura ni a can ɗan Togo ne, yana jin Faransanci, ni kuma ina da na kasuwa, da shi munka lallaɓa. Anka kai ni gaban wani ma'aikaci baƙi kamar mu, cikin kaki, gashinsa a murɗe igiya-igiya har kafaɗa. A Malanbil in mutum ya fito da wannan kai, yara ne za su bi shi. Can shi ne hukuma. Ya buɗe ƙullin daddawa, ya ja da baya, ya kira abokinsa. Sunka daɗe suna shawara, a ƙarshe sunka riƙe daddawar sunka bar min sauran. Har yau ina zargin ɗayansu ya san abin da ake yi da ita.

Da za mu shiga ƙaramin jirgi na ƙarshe, wata mata ta sa safar hannu ta hau lalube min kai ta bisa ɗankwali, tana danna kitsona layi-layi. Raina ya ɓaci. Na ce ma ɗan Togo ya gaya mata ba ni da ƙwarƙwata, ni ke cire ma wasu. Ya ce makami take nema. Na ce to ta nema, da akwai wurin ɓoye wuƙa a kan tsohuwa da na sani.

Gidan su Lami sama yake, hawa na uku, kowa ƙofarsa a kulle. Maƙwabci ka gaishe shi ya yi maka murmushi ya ƙara sauri. Babu murhu, babu ganyen wanka, a cikin wani farin kwamin wanka na riƙa yi mata wankan da ruwan famfo mai zafi. Ranar da na kunna turaren wuta wani abu a rufin ɗaki ya kama ihu, Isufu ya fito a guje da gajeren wando, ya gan ni, ya koma a guje. Surukin da bai taɓa haɗa ido da ni ba. Kwana da kwanaki in na shigo falo sai ya tuna yana da aiki a waje. Kazarsu ƙatuwa ce amma ba ɗanɗano, albasarsu kuma ka yanka goma idonka a bushe.

Duk wannan ba shi ne labarin ba. Labarin kan Takwara ne.

Yarinyar Allah ya ba ta gashi, cikakke, mai tauri, irin na gidanmu. Amma duk ƙarshen mako uwar ta zaunar da ita ta bi shi da wani ƙarfe mai zafi har ya kwanta ya miƙe. Na ga tabon ƙuna a kunnenta. Na tambayi Lami dalili, ta ce haka ya fi sauƙi, makarantar kusan duk 'ya'yan Turawa ne. Ita ma kanta da ta fara aiki a gidan kula da tsofaffi, shekaru ta yi tana kifa perik, don wata shugaba ta taɓa ce mata kitso ba shigar aiki ba ne. Gaban goshinta duk ya cinye. Na zaunar da ita na shafe shi da man kaɗe, na yi mata kalaba mara ja. Takwara tana leƙe daga bakin ƙofa. Hausarta ba ta wuce "sannu" da "na ƙoshi" ba, kuma tun zuwana ba ta yarda ta zauna kusa da ni, wai ina warin hayaƙi. Ni ma na ce tana warin madara, munka yi kunnen doki.

Washegari ta zo da kanta ta tsaya gabana, ta nuna kan uwarta, ta nuna nata. Na zauna bakin kujera na buɗe ƙafafu, ta tsaya tana kallona, ba ta san nan ake zama ba. Sai da uwar ta nuna mata. Na yi mata shuku, na zuba ƙananan layi a gefe, na sa 'yan duwatsu a bakin jela. Ta yi kuka kaɗan, kowa na yi. Da na gama ta shiga bayi wurin madubi, ta daɗe har na ce a duba ko lafiya. Ta fito tana juya kai don duwatsun su yi ƙara. Ranar a gefena ta ci abinci.

Da safe ta tafi lakwal, wato makaranta, tana taku ɗai-ɗai. Kafin azahar anka kira Lami a salula. Wata malama ta fitar da yarinyar daga aji a gaban 'yan uwanta, wai wannan gyaran kai ya saɓa ƙa'idar shigar makaranta, yana ɗauke hankalin yara, kada ta koma aji sai an kwance shi. Isufu ya ɗauko ta. Ta wuce mu, ta shiga ɗaki ta rufe. Ta bayan ƙofa ta faɗi wani abu da Turanci tana kuka. Na tambayi Lami me ta ce, ta ƙi faɗa, na matsa. Ta ce, "Wai ta tsani gashinta. Wai kada ki sake taɓa ta."

Wallahi maganar ta soke ni. Na zo da nisa don in ga yarinyar nan, rana guda ta sake da ni, kuma hannuna ne ya jawo mata wulaƙanci.

Lami kuwa ta hau sama. Ta ce akwai doka a jiharsu, makaranta ko wurin aiki ba su da ikon korar mutum saboda gashin da Allah ya halitta mishi, ko kitso, ko murɗi. Ba kowace jiha ke da ita ba, amma tasu tana da ita. Na ce doka kamar yaya, manya sunka zauna da takardu a kan gashi? Ta ce sai da anka kori baƙaƙe da yawa daga aiki, anka mai da yara gida, kana anka yi ta. Na ce ikon Allah, mu nan a makarantu da dama ƙwal ake aske 'yan mata, ba mai cewa uffan. Ta ce, "Ni ma an aske ni ai, Inna. Ban manta ba." Ta nemi ganin shugabar makarantar, anka ba ta safiyar washegari.

Ni dai tunanina daban. Baƙuwa ce ni, a gidan suruki, na jawo musu faɗa da hukuma a ƙasar mutane. A gida in ɗanka ya yi laifi a lakwal, ba ka zuwa da doka, haƙuri kake zuwa ba da shi. Kuma abin da hannu ya ƙulla hannu ke kwance shi. Da safe Lami ta shiga wanka, na tura ƙofar Takwara da tsinke a hannu, na nuna mata da alama zan tsefe. Ta juya min baya ta zauna. Na kama aiki da sauri. Na tsefe gefen dama kaf, gashin ya tashi tsaye buzu-buzu, sai ga Lami a bakin ƙofa da jariri a kafaɗa.

"Inna, me kike yi?"

"Gyara nike."

"Shi ne fa abin da za mu nuna musu."

Lokaci ya ƙure, ba damar ƙarasa tsifa, ba damar mai da kitso. Kun san dai rabin kai ba ya fita waje, ko gobara ake sai an yafa wani abu. Na cire mayafina na naɗa ma yarinyar. Munka shiga mota. Lami tana tuƙi tana huci, ni ina baya ina shirya kalmomin ban haƙuri.

Shugabar wata doguwar Baturiya ce mai gilashi, Madam nike ce mata. Malamar da ta yi korar tana gefe a zaune. Anka nuna mana kujeru. Lami ta buɗe baki za ta fara, ni kuwa na ga bai kamata yaro ya riga babba ba. Na sauka daga kujera na durƙusa har ƙasa, na dafa gwiwa, na sunkuyar da kai.

Madam ta zabura ta miƙe. Malamar ta fita a guje. Kafin in ce "don Allah" sai ga wata da kayan likita ta kama min hannu tana duba agogo, wata ta kawo ruwa, wata tana yi min fifita da littafi. Sun ɗauka faɗuwa na yi. Ina cewa lafiyata ƙalau, suna ƙara kwantar da ni. Lami ta rufe fuska da hannu, ban sani ba ko kuka take ko dariya. Da ƙyar ta fahimtar da su gaisuwa ce.

Na ƙi tashi. Na ce ma Lami, "Gaya mata laifina ne. Ni baƙuwa ce, ban san ƙa'idarsu ba. Yarinya ba ta da laifi, a yi haƙuri a mai da ita aji, yau zan ƙarasa tsefe shi."

Ta ce, "Ba zan faɗa ba."

"Ni kike ce ma ba za ki faɗa ba?"

"Ki yafe min, Inna. Komai kika sa ni zan yi, ban da wannan. In kika ba da haƙuri a kan gashinta yau, ita ma haka za ta yi ta ba da shi har ta tsufa."

Tun da na haife ta ba ta taɓa mai da min magana ba. Na zauna daɓas a ƙasan ofis. Ita kuwa ta juya ta fuskanci Madam ta kama Turanci, a hankali, ba hayaniya. Ban ji ko kalma ba, amma na ga fuskar Madam tana sauya launi, abin da fuskarsu ba ta iya ɓoyewa. Madam ta danna na'urar gabanta ta karanta wani abu, ta dubi malamar, malamar ta dubi takalminta. Daga baya Lami ta gaya min Madam ta ce ƙa'idar tsohuwa ce, tun kafin dokar anka rubuta ta, ba a gyara ba, kuma kuskuren nasu ne. Malamar ma ta ba da haƙuri, a tsaye, ko ɗan rusunawa babu.

Sai Madam ta sunkuyo wajen Takwara ta yi mata magana da murya mai laushi, wai tana iya komawa aji yanzu, da kanta yadda take so. Nan fa hankalina ya tashi, don ni kaɗai na tuna abin da ke ƙarƙashin mayafin. Na yi ma Lami ido, ba ta gani ba. Yarinyar ta sa hannu ta zare mayafin.

Kowa ya zuba ma kan ido. Hagu shuku da duwatsu, dama kuwa daji. A duk shekarun da na yi ina kitso ba a taɓa ganin rabin aikina a waje ba, sai a Amurka, gaban Turawa. Na so ƙasa ta tsage.

Lami ta tambayi yarinyar cikin Turanci, ta maimaita da Hausa don in ji: a tafi gida a tsefe a bi shi da ƙarfe, ko yaya take so? Ba wanda zai yi mata dole. Takwara ta dubi malamar, ta daɗe tana dubanta. Ta taɓa gefen da ke tsefe, ta taɓa mai duwatsu. Ni dai na sadda kai, na riga na sallama, na ce ko me ta zaɓa ba zan ga laifinta ba.

Sai na ji an taɓa min gwiwa. Dama a ƙasa nike zaune. Takwara ce, ta ture ƙafata guda gefe, ta ture ɗayar, ta juya ta zauna a tsakani, ta kwantar da kanta a cinyata, gefen tsefaffen yana sama.

Ta ce, "Kaka, yi."

Tsinken yana soke a ɗankwalina. Na zaro shi. Madam ta ce wani abu, anka rufe ƙofa, ba wanda ya ce mu tashi. Na raba layi, amma idona ya cika, ban ga abin da nike rabawa ba. Layin farko ya karkace, karkata mai muni, wadda ko 'yar shekara bakwai ba za ta yi ba. Na ce bari in kwance shi in sake. Ta kai hannu ta dafe wurin, ta girgiza kai, wai za ta makara.

Haka ta shiga aji da shi, duwatsu suna ƙara. Har kitson ya tsufa ina roƙonta ta bari in gyara layin nan, ta ƙi.